Bakin da Aka Ƙara

Da igiya aka jawo ta garejina,
tsohuwar kanta mai shuɗin goshi,
albasar Tamaske tana gumi a bayanta.
Tsahiru bai ko gama sallama ba
ya ce, “Nomau, batir ne.”
Kowa batir yake zargi,
kamar a daki tulu don rijiya ta ƙafe.

Na ɗaga kan motar.
Ga fanka sabuwa fil, mai cin wuta,
an ɗaure ta gaban radiyater da waya.
Wani yaro a Konni ya sa masa,
don injin ya daina tafasa a hawan Keita
in bazara ta zauna da gindinta.
Injin ya daina tafasa, gaskiya ne.
Amma ran Talata da dare, bayan Badagishiri,
fitilu suka yi ja kamar idon mai zazzaɓi,
suka lumshe,
suka bar shi da taurari da kukan jaki.

Na ce, zauna, ga shayi.
Altarnater ɗinka amper hamsin da biyar yake haifarwa,
shi ma a zamanin ƙuruciyarsa.
Fitilu na ci, rediyo na ci,
ga cajin wayoyin karen mota,
sannan ka kawo amarya mai cin talatin
tun kafin ta ce ina kwana.
Ka ƙara baki, ba ka ƙara tukunya ba.

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba.
Ya ce, “Nawa?”

Na taka har bayan tasha, wurin Arzika mai kwance motoci.
Can ƙarƙashin gawar wata bas
muka sami mai ɗari da ashirin,
nauyinsa kamar ɗan akuya.
Jika arba'in da biyar, bayan rantsuwa uku
da tafiyar ƙarya sau biyu.

Bai shiga mazauninsa ba.
Kunnensa ɗaya ya fi rami tsawo da yatsa.
Muka yanka ƙarfe, mai walda ya ɗinke,
kurwa ta gaza, muka nemo wata.
Tsohuwar wayar siririya ce kamar tsinken tsire,
da na bar ta, da ta narke kafin Illela.
Na ja mai kauri, ja wur, daga baya har batir,
na sa fizibil a hanya don ranar tsiya,
na kankare tsatsa har ƙarfe ya yi fari
kafin in ɗaure mas.
Wannan wurin ne yara ke mantawa:
wuta ma sai ta san hanyar komawa gida.

La'asar sakaliya ya murza makulli.
Allura ta tashi, ta tsaya cak.
Muka jira injin ya ɗau zafi.
Fanka ta kama, fuuu,
ta watsa mini ɓawon albasa a fuska.
Na ce kunna fitilu. Ya kunna.
Ko ƙiftawa ba su yi ba.

Ya biya rabi, ya bar mini buhu guda,
sauran sai ya dawo daga Yamai.

Da dare na wanke hannu da kalanzir da toka,
baƙin bai fita duka ba, ba ya fita.
Ɗana Miko ya dawo daga Abijan watan jiya,
da mata, da ƴaƴa uku, da akwati marar nauyi.
Cima ta miƙo mini tuwo, ta ce hatsi ya kusa ƙasa.
Na dubi tafin hannuna,
shekara hamsin da tara yana juyawa a kan kurwa ɗaya.

Tsohon altarnater ɗin yana nan ƙarƙashin benci.
Ban jefar ba.
Gobe zan buɗe shi in ga gawayinsa,
wataƙila da saura.